Ƙafafun Yaya Toru

Ni da Yaya Toru faccaloli ne. Ita ta auri babban wa, ni na auri ƙanen, shi ya sa tun ranar da aka kawo ni gidan nan na garin Katwa ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "Ƙarama". Yau ga ni da furfura da jikoki, har yanzu Ƙarama nake. Cikakken sunanta Torubala, amma in ba a katin zaɓe ba, ban san inda ake kiranta haka ba.

Duk unguwarmu, in ana zancen wadda ta iya dafa kifi, sunanta ake fara kamawa. Ta zauna a gaban wuƙar nan tamu ta ƙasa da ake kafewa a jikin katako, ta take katakon da ƙafa, kafin ka ce kwabo ta ɓare kifin rui ta yanka shi gunduwa-gunduwa, ta shafe shi da gishiri da kurkur. In man ya yi zafi ta jefa, har mai shagon bakin layi sai ya leƙo ya ce, "Yau ma Gwaggo Toru ce a murhu." Abin da baƙo ba zai sani ba shi ne, shekara ashirin da ɗoriya ke nan ko romon ba ta ɗanɗana ba. Da hanci take gane gishiri ya ji.

Mijinta ya rasu yana da hamsin da ɗaya, zuciya ce ta buga masa a kan keke. Aka fasa mata awarwaro, aka goge jan garin matan aure da ke tsagar gashinta, aka ɗaura mata farin zanen sari. Daga nan ta shiga irin takabar da matanmu na dā ke yi, wadda ba ta da ranar fita. Ba kifi, ba nama, ba ƙwai, ba albasa, ba tafarnuwa, har miyar dal ta jan wake ma babu, sai ta sauran wake, wai jar tana ɗumama jini. Shinkafa sau ɗaya a rana, azumi sau biyu a wata. Murhunta daban, tukwanenta daban. Ta gama dafa mana namu, ta yi wanka, sannan ta ɗora nata. Surukarmu, da muke ce wa Tsohuwa, tana raye a lokacin, ita ma haka take rayuwa, don haka ba wanda ya ga abin mamaki.

Ni kuwa da nawa mijin ya tafi, shekarun baya kaɗan, cewa na yi ba da ni ba. A bakin kogi aka haife ni, da ƙayar kifi na yi haƙori, zamani kuma ya canza. Na shirya faɗa tsaf, na tanadi baƙaƙen maganganun da zan mayar mata in ta yi min wa'azi. Da aka gama kwanakin zaman makoki sai kawai ta ajiye min faranti, ga kan kifi a kai, ta juya ta tafi wankanta. Na rantse haushi na ji. Mutum ya wasa wuƙarsa, a ƙi ba shi abin yankawa!

Ɗakinta a saman rufin gida yake. A nan Gopal ɗinta yake, ɗan jaririn tagulla da take bauta wa, a cikin ɗan gadonsa mai gidan sauro. Ta tashe shi da safe, ta yi masa wanka, ta sa masa riga, in sanyi ya zo ta saƙa masa hula. Ba ta kai komai bakinta sai ta fara ajiyewa a gabansa. Daga tagar ɗakin ana hango kogi. Ta sha gaya min cewa daga ɗakin nan sai wurin ƙona gawa, ba ta da masauki na uku.

To ƙafafu ne suka fara yi mata gardama. Da farko sai ta dafa gwiwa kafin ta miƙe. Can sai ta dafa bango. Tulun da take hawa da shi cike ya koma rabi, daga baya ya koma kofi. Hannunta ya zama sillan kara, fatar tana reto. Ran nan da hantsi, damina ta kusa fita, na ji rim a matattakala. Na tarar da ita zaune a ƙasa, furannin Gopal sun watse, tana cewa, "Ba faɗuwa na yi ba, zama na yi."

Ɗanta Probir, da ke aiki a Kolkata, ya zo a guje. Yaro ne mai hankali, sai dai komai nasa da gaggawa, ya zauna kamar kujerar tana cizonsa. Ba karaya, an gode wa Ubangiji. Amma a gabana ya kafa mata sharaɗi.

"Mama, zan dawo hutun bikin Durga. In kin hau benen nan da ƙafarki ba wanda ya riƙe ki, shi ke nan, ki zauna. In ba haka ba, mota zan sa ki mu tafi. Can akwai lif, ba hawa ba sauka."

"In je in zauna a akurkin tantabara?"

"Mama, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba da kai nake wasa ba, ɗan nema."

Sai dai ta san ba wasan yake ba. Aka sauko mata da shimfiɗa ɗakina, aka bar Gopal a sama, don ta ce ba zai kwana kusa da ƙarnin kifi ba. Kullum sai ta hau ta yi masa hidima, tana riƙe da kafaɗata, muna hutawa a hanya.

Ni na raka ta wurin likita, wata 'yar matashiya mai gilashi. Ta duba takardun gwaji, ta ɗago.

"Gwaggo, ba ki da suga. Jininki kuma ko na budurwa albarka."

Yaya ta waigo ta dube ni. Na gane abin da kallon ke nufi. Ni mai cin kifin ce ke da suga da hawan jini, ni ce mai ƙwayoyi kala-kala a ƙarƙashin matashi.

"Me kike ci?" in ji likita.

"Shinkafa."

"Da me?"

"Da abin da ake cin shinkafa da shi, 'yar nan. Kabewa, garahuni, ɓawon dankali in an soya, furen ayaba."

"Dal fa?"

"Kullum."

Na kasa haƙuri. "Likita, ruwa ne aka nuna wa wake daga nesa. Kana hango gindin kwanon."

Likita ta kama damtsen Yaya ta matsa a hankali. Ta ce naman jikinta ne ya zaizaye, ba ƙashi ba, ba jijiya ba. Abincin gina jiki ne ba ta samu. Jikin tsoho ya fi na matashi buƙatarsa, in bai samu ba sai ya koma cin kansa. Ta ce rabin tsofaffin da ke zuwa wurinta haka suke, ciki cike da shinkafa, ƙafa ba ƙarfi. Ta ce kifi kaɗan kullum, ko ƙwai.

Yaya ta gyara mayafinta. "Mijina kullum sai ya ci kan kifi. Yana ina yanzu? Surukata ta fi shekara arba'in ba ta taɓa kifi ba, ta kai casa'in da shida. Ke da kika yi karatu, warware min wannan."

Sai likita ta ce, "Tsohuwar da ta kai casa'in da shida, tana tafiya da ƙafarta?"

Tsohuwa kam ta fi shekara goma a kwance, Yaya ce ke juya ta, ita ke goya ta zuwa bayan gida.

A hanyar dawowa kaina ya ɗaure tamau. Mai cin kifi ya mutu da wuri, amma a kan kekensa ya mutu. Marar ci ta daɗe, amma a kwance. Ni ina ci, ga ƙafa garau, ga jini ya lalace, nawa likitan ma cewa yake in rage maiƙo. To wanne ne lafiyar? Tsawon kwana ake nema ko ƙafa? Na tambayi Yaya, ta ce in bar ta ta ji da girgizar keken hayar da muke ciki.

Daga ranar gidanmu ya zama majalisa. Kowa ya ji labari, kowa likita ne. Mai kemis ya ce ƙwan gidan gona ba shi da rai, tun da kazar ba ta taɓa ganin zakara ba, don haka ɗan'uwan madara ne. Yaya ta saurare shi da kyau, har na ga kamar za ta yarda. Sai ta aika a tambayi malamin da ke mana addu'o'in gida. Ya ce ƙwai dai ƙwai ne, ko daga ina kazar ta samo shi. Aka koma wa mai kemis, ya ce malam bai san kaji ba. Aka koma wa malam, ya ce mai kemis bai san lahira ba. Ƙwan da na sayo ni na cinye su, suga da hawan jini suna kallona.

Wata maƙwabciya ta kawo curin waken suya, irin busasshen nan da ake jiƙawa ya kumbura. Ta ce ya fi nama gina jiki, kuma a gona ya tsiro. Yaya ta dafa da kanta a murhunta, ta kai loma ɗaya, ta tauna sau biyu, ta fito da shi a tafin hannu.

"Ƙarama, wannan nama ne."

"Wake ne, Yaya."

"Haƙorina ya ce nama ne."

"Haƙorinki da ya rabu da nama tun Probir bai yi gemu ba, ina ya san nama?"

"Shi ya sa ya gane shi da wuri."

Aka koma kan madara. Ta sha, cikinta ya yi ta kuka kamar an ɗaure akuya a ɗaki. Aka ce to a yi mata cuku. Ta yarda, ta tsinke madarar da lemun tsami, ta tace, ya fito fari tas. Sai ta dube shi ta ce ai Gopal ba ya cin cuku gaya, ta zuba sukari ta murza ta yi alewa. Na ce to, ko da sukarin ne dai a ci. Ta ɗauki ɗan mitsitsi, sauran ta ba ni in kai wa masu gidan kusa.

Na ce ta bar azumin nan ko na ɗan lokaci ne. Ta ce likita ba ta ambaci azumi ba. Na ce don ba ki gaya mata ba ne. Ta ce don ba ta tambaya ba ne. Na ce ta ƙara wake a dal ɗin, ta ƙara, kwana biyu ta koma ruwanta, wai mai kauri na masu zuwa gona ne. Na buga tsaki na fita, don in na tsaya zan faɗi abin da ƙaramar faccala ba ta faɗa wa babba.

Ana nan sai ga saƙon Probir, wata ƙatuwar roba baƙa mai hoton wani ƙato da ya murɗe hannu, jijiyoyi ruɗu-ruɗu. Garin gina jiki ne, ya ce daga madara ake yin sa, ludayi ɗaya safe da yamma, zai kai ta har biki. Yaya ta juya robar ta nemo ɗigon nan kore da ake sa wa abincin da ba nama a ciki. Ta gan shi, ta sa na gani, ta sa malam ya gani. Ta liƙa takarda a kan hoton ƙaton don ba riga a jikinsa. Ta dama ta sha, ta ce, "Kai, wannan da daɗi yake."

Na ji sanyi a raina. Na ce an zo wurin.

Mako bai cika ba na ɗaga robar na ji ta fayau. Na buɗe, sai ludayin kaɗai ke kwance a ciki.

"Yaya! Ina garin?"

"Ya ƙare."

"Ya ƙare ta ina? Shanyewa kika yi?"

Ta dube ni kamar ni ce marar hankalin. "Ƙarama, yau kika zo gidan nan? Ya za a yi in sha abu mai daɗi haka ban ba Gopal ba?"

To, ga inda gizo ke saƙar. Abin da aka ajiye a gaban Gopal ya zama tabarraki, tabarraki kuwa ba a cinye shi mutum ɗaya, rabawa ake yi. Ashe kullum in na tafi kasuwa sai ta dama cike da kwano, ta sa mai wanke-wanke ta kai sama ta dawo da shi, ta zauna a bakin ƙofa tana zuba wa duk wanda ya wuce a tafin hannu. Mai madara ya sha, mai shara ya sha, mai kawo wasiƙa har dawowa yake ya ce ya manta wani abu. Ita kuma ta lashi abin da ya rage a cokali.

Na zauna daɓas a ƙasa. Dariya ta zo min, kuka ya zo min, na rasa wanda zan fara. Na ce, "Yanzu duk layin nan sun yi damtse ban da ke!"

"To laifi na yi?" Da gaske take tambaya. Ni kaina ma in an miƙo min tabarraki hannu biyu nake sawa.

Probir ya sake aiko wata robar, da gargaɗin cewa magani ne, ba a ba Gopal magani. Yaya ta ce in magani ne me ya sa yake da daɗi? Ta koma shan ɗan tsunkule a bakin cokali bayan abinci, yadda ake shan garin maganin gargajiya. Ta ce magani ba a cika shi.

Biki ya zo, ganguna suka cika gari, Probir ya iso. Bai ko cire takalmi sosai ba ya ce, "Mama, mu gani." Ta miƙe, ta ɗaure bakin sarinta a ƙugu, ta ture hannuna. Ta fara hawa. Ina ganin yatsun ƙafarta suna damƙar siminti. Ta wuce kwanar farko, na fara murna. Kaɗan bayan nan gwiwar dama ta soma rawa, ta tsaya, ta ɗaga ƙafa, ƙafar ta ƙi zuwa. Ta juyo a hankali ta zauna a kan matattakalar, ta kalli ƙofar ɗakinta da ke sama. Probir ya share ido da bayan hannu, ya ce washegarin gama biki, bayan abincin rana, za su tafi.

Na roƙe shi, na ce ga ni, zan kula da ita. Ya ce, "Inna Ƙarama, ke wa ke kula da ke? Ranar da kuka gangaro ku biyu fa?"

Ranar tafiyar, da safe, ya fita neman mai a mota da sallamar abokai. An ɗaure kayanta, akwati ɗaya ne da ƙullin tukwane. Ina gyara ɗan kifin da na sayo wa kaina sai na ji ta a bayana, ta jingina da ƙofar kicin ɗina, inda ba ta shiga in ta riga ta yi wanka.

"Ƙarama, hau ki ja ƙofar sama ki rufe. Tagar ma."

"Don me?"

"Ke dai je ki."

Na hau na rufe wa Gopal ƙofa, na sauko. Na tarar ta karɓe murhun, tana juya kifin. Ta sauke, ta zauna a ƙasa, ta jawo farantina, nawa na ƙarfe da rabonta da ci a irinsa tun rasuwar mijinta.

"Zuba min."

Ni da na yi wata da watanni ina yi mata tsiya a kan ta ci, sai ga bakina yana cewa, "Yaya, kin tabbata?"

"Likita ta ce kifi. Na gwada na kowa, saura nata. In ya dawo zan sake hawa ya gani."

Na zuba mata shinkafa, na ɗora gunduwa ɗaya da romo. Yatsunta suka zare ƙayar tsaf, ba su manta ba. Ta kai baki. Na zuba mata ido ina jiran ko za ta yi amai, ko kuka, ko ta ce da daɗi. Ba ko ɗaya. Taunawa kawai take tana haɗiyewa, idonta a kan bango, har ta share farantin.

Ta wanke hannu a kwano. Ta miƙe ƙafafunta a gabanta, ta dafa gwiwoyin, ta matsa su, ta kasa kunne kamar mai sauraron wani abu. Ta yunƙura za ta tashi, ta koma.

"Ƙarama, ke da kika saba ci. Yana daɗewa kafin ya sauka ƙafa?"

Na san ba a fafe gora ranar tafiya, amma wa zai iya buɗe baki ya gaya mata? Na ce, "Ban sani ba, Yaya."

A waje muka ji motar Probir ta tsaya, ya danna hon.

Ta turo min farantin da sauri. "To ƙara min. Ƙila bai isa ba ne."